Yadda 'Ya'yan Abul Gadah Suka Kore Ni Daga Jidda

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Duk wanda ya zo bencina a tashar Funtuwa, kafin ya miƙo fitilar da ya kawo gyara, sai ya fara: "Alhaji Sai-Lahira, wai me ya koro ka?" Sunan nan ni na jawo wa kaina. Ranar da zan tafi na tara jama'a, na miƙa wa ƙanena Isiyaku bencin da guduma, na ce na bar Funtuwa da lakarta da sauronta, Jidda zan zauna, sai dai mu haɗu a Lahira. Ga ni kuwa na dawo ko shekara ban rufa ba. Wasu sun ce sata na yi, wasu sun ce mace ce. Masu cewa mace sun ɗan kusa, don akwai amarya a ciki, amma ba irin wadda suke zato ba. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ɗanjuma, sana'ata gyaran fitila mai famfo, irin wadda ake ba iska ta yi ta huci tana haske. Na tashi ta ƙasa, shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, da ƙullin kaya ɗaya da jakar kayan aiki. Daga Kano zuwa Maiduguri zuwa Fotlami ta ƙasar Cadi duk a kan buhunan goro na yi ta, har bayana ya ɗauki zanen buhu. Direban da ya kai mu Abashe mutumin kirki ne. Ba ya wuce lokacin salla, amma da ya yi sallama zai ci gaba da zagin motar da Faransanci daga inda ya tsaya.

A kan iyakar Sudan aka zazzage jakata. Wani soja ya ɗaga famfon fitila, ya ɗaga tsinkayen da nake sakace bakin wuta da su, ya dube ni ya dubi abokinsa. Na gane bindiga suke zato na wargaza. Larabcina a lokacin bai wuce sallama da Fatiha ba, na kuwa karanta musu duka biyun, bai yi amfani ba. Aka zaunar da ni gindin bango, motarmu ta tafi ta bar ni. Da magariba ta yi, fitilarsu ta ƙi kamawa, sojoji uku suka taru suna ba ta iska kamar za su fasa ta. Na kasa haƙuri, na miƙa hannu. Tsinke ɗaya na sa mata ta ɗauki huci. Nan take aka buga mini hatimi, aka kawo shayi, sannan aka riƙe ni kwana biyu ina gyaran fitilun duk wani mai kaki a garin. Da ban iya gyaran ba, wataƙila da safe za su sake ni.

Jirgin ƙasan Sudan ba shi da gaggawa ko kaɗan. In ka sauka kama ruwa, ka iya cim masa ba tare da ka yi gudu ba. A Bur Sudan wasu Hausawa suka sauke ni, waɗanda kakanninsu suka fito aikin hajji suka maƙale a hanya. Aka kawo tire, ga miya a tsakiya, ga wani abu fale-fale a ninke a gefe. Na wanke hannu, na ɗauki ɗaya na goge tas, na ajiye, na zauna ina jiran tuwo. Maigidan ya dube ni ya ce, "Malam, abincin ke nan ka goge hannu da shi." Kisira suke kiranta. Na ci, har da wadda na goge hannun, don kunya.

Teku kuwa, ni da babban ruwan da na sani shi ne tafkin bayan gari, ba zan ce muku na gan shi sosai ba. Kaina na cikin bokiti tun daga Sawakin, inda muka hau jirgin ruwa, har Jidda. Aikin hajji ma ba zan ba ku labarinsa ba. Alhazai sun ba ku, sun ma ƙara gishiri, nawa kuma tsakanina ne da Ubangijina.

Da alhazai suka watse, ni na laɓe. Na samu makwanci a unguwar Sa'alaba ta Jidda, ɗakin langa-langa, mu bakwai, da zafin da ke sa mutum ya tuna zunubansa ɗaya bayan ɗaya. Da safe wake ne dafaffe an dame shi da mai, ana dangwala da gurasa. Gobe ma wake. Jibi ma wake. Damuwata ɗaya ce, wato iƙama, takardar izinin zama. In ba ka da ita, kwanakinka ƙidayayyu ne, kuma ba ka samunta sai wani ɗan ƙasa ya tsaya maka.

Nan Allah ya haɗa ni da Mu'allim Bakur. Haifaffen Jidda ne, amma jikan Hausawa, kuma Hausarsa a wurin kakarsa ya koya, a gidan da duk 'ya'ya mata ne. Saboda haka kowa "ke" ne a bakinsa. Ya same ni ina gyara fitilar mai shayi, ya ce, "Ke Juma'a, kin iya itrik?" Itrik shi ne fitila mai famfo a wurinsu. Na waiwaya ina neman matar da yake wa magana. Ya ce, "Ke, ke mai gemu. Ta'al. Ni in yi miki iƙama, ke ki yi mini nur. Halas?" Wato in zo, ya yi mini iƙama in yi masa haske, magana ta ƙare. Na ce halas. Da ya kira ni Hajiya ma a ranar, zan amsa.

Gahawarsa, wato wurin shan shayi da kwanan direbobi, tana kudu da unguwar Khumra, inda gari ya ƙare. Hanya na gabanta, teku na bayanta, tsakaninsu da ruwa bai fi jifa biyu ba. Gadaje ne dogaye na igiya a jere a fili, direbobin manyan motoci na kishingiɗe suna shan shisha. Fitilu takwas gare shi, shida matattu, biyu na kan hanya. Babbar cikinsu tana rataye a kan wani dogon ƙarfe. Arusa yake kiranta, wato amarya, don ya ce in ta kama, daga nesa direba zai hango ta ya taka birki.

Makwanci kuwa ya haɗa ni da wasu tsofaffi da ke da bukka a bakin ruwa, Baba Tahir da matarsa Inna Hawwa, Hausawan Sudan. Baba masunci ne da, amma yanar ido ta rufe masa gani, sai saƙar taru da laluben hannu. Inna ce ke soya kifin gahawa. Bakinta ya fi man da take suya da shi zafi. Ranar farko ta dubi ƙafafuna ta ce in wanke su kafin in taka mata tabarma, wai ko alhazan Funtuwa ba a koya musu alwala ba.

Kwana uku na yi a kan fitilun nan. Daren na huɗu na kunna takwas ɗin gaba ɗaya, Arusa a sama. Wurin ya koma kamar rana tsaka, har yashin bakin ruwa na ƙyalli. Direbobi suka yi ta tsayawa. Mu'allim ya rungume ni ya ce, "Wallahi ke jarumar mace." Na kwanta ina jin iƙama a aljihuna.

Da asuba Inna ta tsaya a kaina da ludayi. Ta ce, "Tashi, ɗan Funtuwa. Fitilunka sun kashe 'ya'yan Abul Gadah."

Tun a jirgi aka ba mu labarin abin da takobi ke yi wa mai kisa a ƙasar nan. Na ɗauka wata fitila ce ta fashe, wuta ta ci bukkar wani bawan Allah. Na ce, "Inna, su nawa?"

"Sun fi hamsin."

"Hamsin? Mutum ɗaya? Matansa nawa?"

"Wa ya ƙidaya masa."

"Ya sani? Yana ina yanzu?"

"Yana cikin ruwa, ina zai kasance."

Na ce shi ke nan, baƙin ciki ya sa uban ya faɗa teku, sun zama hamsin da ɗaya. Na fara tusa kaya a jaka ina salati. Sai na ji Baba Tahir daga ƙofa yana cewa, "Hawwa, ki ji tsoron Allah, yaron nan bai san Abul Gadah ba." Ya kama hannuna ya ce in ja shi zuwa gahawa.

A ƙarƙashin gadaje na gan su. 'Yan kunkuru ne ƙanana, kowane bai kai tafin hannun jariri ba, baƙaƙe, da hannuwa kamar filafili. Wasu sun bushe a gindin ƙarfen Arusa, wasu taya ta bi ta kansu a bakin hanya, hankaki na ta ɗiba. Ashe Abul Gadah kunkuru ne a bakin mutanen Sudan. Gadah akushi ne, wato dai mai akushi a baya. Dariya ta zo mini don wuyana ya tsira, na kuwa yi ta. Baba bai yi ba. Ya durƙusa yana lalube a yashi, in ya taɓa mai sauran motsi sai ya sa a ƙwarya.

Da muka kai masu ran ruwa, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Uwar takan fito daga teku da dare, ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, ta binne, ta koma abinta. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fasa, su tono kansu cikin duhu. Ba uwa, ba mai nuna hanya. Abu ɗaya suka sani, su bi inda ya fi haske, kuma tun da aka halicci duniya, da dare ruwa ya fi tudu haske, don taurari na sauka a kansa. Ya ce, "Jiya ka ba su wani tekun, ɗana. Suka bi shi."

Na ce, "Baba, Allah ya ba da haƙuri, amma kunkuru ne fa. A garinmu yara ke wasa da shi."

Sai Inna ta karɓe. Ta ce shekara talatin da wani abu da suka wuce, suna sabon aure, suka hau kwalekwalen wasu masu tsallakar da mutane a ɓoye daga Sawakin. Cikin dare aka sauke su, aka ce su miƙe, Jidda na gaba. Gari ya waye suka ga ruwa gabas, ruwa yamma. Tsibiri ne, ko itace babu. Kwana tara suka yi da salkar ruwa ɗaya kafin masunta su tsince su. Abin da ya riƙe su shi ne ƙwan Abul Gadah, Baba na tonowa suna sha ɗanye. Ta ce, "Mun shanye 'ya'yan wata muka rayu. Mu kuma Allah bai ba mu ko ɗaya ba. Shi ya sa tsohon nan ya mai da kansa unguwarzomar kunkuru." Baba ya ce, "Na dai yi alkawari a tsibirin nan, shi ke nan." Duk ramin da uwa ta haƙa a gaɓar nan, yakan kafa masa kara. A bana saura uku.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayin kunkuru ne ya fara kama ni ba. Kunyar tsohon ce, da tsoron ludayin Inna. Na kwana ina tunani, da safe na tattaro garewanin kananzir da aka yar. Na yanke kowace garwa, na buɗe mata gefe ɗaya, na kifa a kan fitila, yadda haske zai zuba ƙasa da wajen hanya, bayanta kuwa duhu. Mu'allim ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Esh hada, mene wannan? Ke kin sa wa itrik hula?" Na nuna masa cewa direbobi ta hanya suke zuwa, ba ta teku ba, kifi kuma ba ya sayen shayi. Ya zagaya, ya ga gadajen sun ma fi haske, ya ce to.

Bakwai na yi wa hula. Na yanke ta takwas, babba, na ɗauko tsani zan hau wurin Arusa, sai ya riƙe tsanin. Na ce, "Mu'allim, a garinmu amarya ba ta fita ba lulluɓi." Ya ce, "A garinku. Tawa tsirara take kyau." Ya ce in an rufe ta, mai zuwa daga kudu ba zai hango ta ba sai ya wuce kwana, ya tafi gahawar gaba. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ki taɓa Arusa, mafi iƙama. Halas." Wato babu iƙama ke nan. Ya san inda ke mini ciwo, don takardun suna hannunsa, saura sa hannu.

Na sauko. Rami na farko ya fashe bayan kwana biyar, na biyu bayan mako. Duka biyun Arusa ta janye su. Ni da Inna muka bi su da ƙwarya muna tsinta, amma kafin ka tsinci goma kaguwa ta ja biyar, sauran sun gaji da tafiyar banza, ko an sa su a ruwa sai su yi ta juyi. Baba bai ɗora mini laifi ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Kullum sai ya gaishe ni ya tambayi aiki, ni kuwa in amsa ina kallon ƙasa.

Ranar wata Alhamis da la'asar ya dawo daga wurin kara na ƙarshe, ya ce yashin ya lotsa a tsakiya, yau za su fito. Ya faɗa ne wa Inna, ba ni ba. Daren Juma'a kuwa shi ne daren da gahawa ta fi cika, ga shi babu wata.

Bayan isha na kunna fitilu kamar kullum. Na kai shayi, na ƙara wa Arusa iska da hannuna. Ina ta gaya wa kaina cewa na haye ƙasa uku, na goge hannu da abincin mutane, na yi amai tun daga Sawakin, ba don kunkuru ba. Na tuna taron da na yi a tasha, na tuna bakin mutanen Funtuwa, wato ku. Can na hangi tsofaffin nan biyu sun fito daga bukka, Inna na jan Baba, ƙwarya a hannunsa. Makaho zai je tsintar abin da mai ido ma ya kasa.

Ban san lokacin da na jingina tsani ba. Fitila mai famfo ba a kashe ta da iskar baki. Akwai ɗan kusa a gefe, in ka murɗa shi iska ta fice. Na murɗa. Arusa ta yi dogon tsaki ta mutu. Wani direba ya yi ashar, Mu'allim ya ƙwala, "Ke Juma'a!" Na sauko na bi ta bayan kicin, na ɗauke tsanin na tafi da shi, don na san ba shi da wani.

Bakin ruwa duhu ne ƙirin. Da idona ya saba, sai na ga abin da Baba ke faɗa: tudu baƙi, ruwa kuwa da ɗan haske-haske a kansa. Na same su zaune kusa da kara. Baba ya ce, "Waye?" Na ce ni ne. Ya ce, "Na ji ta yi shiru." Muka zauna, daga nesa Mu'allim na ta kiran kakannina ɗaya bayan ɗaya, duk da sunan mata.

An jima Baba ya ce, "Sun fito? Kai ke da ido." Na ce wallahi ba na ganin komai. Ya laluba ya kamo hannuna, ya shimfiɗa shi a kan yashi tsakanin ramin da ruwa, ya ɗora nasa kusa. Sai na ji wani abu mai sanyi ya hau yatsuna ya sauka. Sai wani. Sai suka yi ta zuwa, suna ta karta mini fata da 'yan hannuwansu, duk ta gefe ɗaya suke hawa, ta gefen ruwa suke sauka. Ko ɗaya bai juya ba. Na ji tsohon yana kuka a hankali. Inna ta ce, "To, unguwarzoma, sai a yi wanka." Ni dai na bar hannuna a wurin har na ƙarshensu ya wuce.

Da safe Mu'allim ya miƙo mini fasfo ɗina ba tare da ya dube ni ba. Na ba shi haƙuri, ya ce, "Yalla, ki tafi." Na mayar masa da tsaninsa, na ajiye garwar da na yanke wa Arusa a gindin ƙarfenta. Inna ta ƙulla mini busasshen kifi ta ce kada in ci a jirgi, asara ce. Baba ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Ka gai da Funtuwa." Ba iƙama, ba mai tsaya mini, sai na kai kaina wurin masu mayar da alhazai gida. Na sake sa kai a bokiti, na sake hawa buhunan goro, na zo na roƙi Isiyaku ya matsa mini a bencina.

Kun ji abin da ya koro ni. Na ji haushi, kuma har yau in na tuna ina ji, don na so zaman Jidda. Da ma ba zan ba da labarin ba, sai makon jiya wani alhajin Bakori da ya dawo bana ya neme ni a tasha. Ya ce motarsu ta tsaya a wata gahawa kudu da Jidda, wata tsohuwa mai soya kifi ta ji daga inda yake, ta ba shi saƙo, ta sa ya maimaita sau uku. Baba Tahir ya rasu cikin azumi. Ran sadakar uku, Mu'allim Bakur da kansa ya jingina tsani ya hau da garwar nan. Saƙon Inna shi ne a gaya wa ɗan Funtuwa amarya ta yi lulluɓi, kuma mijinta yana sa mata yana zaginsa.

Allah ya jiƙan Baba Tahir. Zagin kuwa na karɓa, Mu'allim ya ƙara in bai ishe shi ba.